Sawun Kuskure: Abin Da Manhaja Ke Rubutawa A Ɓoye Idan Kuɗi Ya Maƙale

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a bakin titin Kano zuwa Daura da ya ratsa Kazaure ya san ɗan shirun nan da kan biyo bayan danna lambar sirri. Na'ura ta yi ta juyi, can sai ta turo 'yar takarda cewa ciniki bai yiwu ba. Kafin a gama karanta ta, sai ga saƙon banki a wayar mai kati: an cire kuɗi. Mai kati ya ce ya biya, mai POS ya ce bai gani ba, kuma kowannensu gaskiya yake faɗa. Daga nan sai a koma ga amsar da aka saba, wato matsalar netwok ce. Wannan jimla ta zama bargon da ake lulluɓe duk abin da ba a gane ba, daga albashin da bai shiga ba har zuwa rajistar ɗalibi da ta ƙi kammaluwa.

Alhali a daidai daƙiƙar da abin ya faru, manhajar da ke cikin na'urar ta san abin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Ta san inda ta tsaya, ta san abin da take ƙoƙarin yi, ta kuma san hanyar da ta biyo har ta iso wurin. Abin tambaya shi ne ko ta rubuta wannan sani a wani wuri kafin ya ɓace, domin ba ya daɗewa. Amsar kuwa ta dogara ne ga wata 'yar shawara da wanda ya rubuta manhajar ya yanke watanni ko shekaru da suka wuce, sau da yawa a layi ɗaya tak.

Kusan kowace manhaja ta ƙwarai tana da rajistar aiki, wani kundi da take cikewa da kanta ba tare da mai amfani da ita ya gani ba. Ma'aikacin gwamnati zai gane shi nan take, domin ɗan'uwan rajistar shige da ficen fayil ne: ranar kaza, ƙarfe kaza, abu kaza ya shigo, an tura shi wuri kaza. Sunansa na Turanci ya samo asali ne daga littafin matuƙan jirgin ruwa, waɗanda kan jefa guntun itace ɗaure da igiya cikin teku don auna gudun jirgi, su rubuta abin da suka samu. A duniyar kwamfuta, ɗaya daga cikin tsofaffin tsare-tsaren wannan rajista shi ne syslog, wanda Eric Allman ya ƙirƙira a shekarun 1980, kuma har gobe ana amfani da shi. Kowane layi a rajistar yana ɗauke da lokaci, da darajar maganar, da ita kanta maganar. Darajar kan tashi daga bayanin yau da kullum, zuwa gargaɗi, zuwa kuskure, zuwa mummunan kuskuren da ya durƙusar da manhajar gaba ɗaya.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Layin da ya ce “11:42, kuskure, an kasa adana ciniki” ya faɗi gaskiya, sai dai bai amfanar da kowa ba. A babbar manhaja akwai wurare da dama da ake adana ciniki, akwai kuma dalilai barkatai da za su hana adanawar. Tamkar mutum ne ya je wurin 'yan sanda ya ce an sace masa saniya, aka tambaye shi ina, yaushe, ta ina aka bi da ita, ya ce shi dai an sace. Abin da ake bukata shi ne mai bin sawu.

Domin a fahimci yadda sawun yake, sai an san yadda manhaja ke tafiyar da aikinta. Ba dunƙule ɗaya ba ce. An gina ta ne da ƙananan sassa, kowane da sunansa da aikinsa, kuma sashe kan kira wani sashe ya taya shi. A ɗauki misalin fayil a ma'aikata. Babban Sakatare ya rubuta wa Darakta, Darakta ya rubuta wa Mataimakinsa, shi kuma ya tura wa akanta, akanta ya aiki masinja ya ɗauko baucan bara daga ɗakin ajiya. Duk wanda ya tura yana zaune yana jiran na ƙasa da shi ya dawo da amsa. Kwamfuta tana riƙe da jerin waɗannan masu jira a ƙwaƙwalwarta, ɗaya bisa ɗaya kamar tulin kwanuka: wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. Idan masinja ya dawo da bauca, sai a sauke kwanonsa, akanta ya ci gaba. Idan akanta ya gama, a sauke nasa, haka har a koma kan Babban Sakatare.

Yanzu a ce masinja ya isa ɗakin ajiya ya tarar da shi a kulle. A harshen manhaja, sai ya yi shelar kuskure, shelar ta riƙa hawa daga ƙasa zuwa sama har ta sami wanda zai karɓe ta ya san abin yi. A lokacin da aka yi shelar, harsunan rubuta manhaja na zamani kan ɗauki hoton tulin nan kamar yadda yake, su maƙala shi a jikinta. Wannan hoto shi ne sawun kira, wanda masu sana'ar ke ce wa stack trace. Kowane layi a cikinsa yana faɗin sunan sashe, da sunan fayil ɗin da aka rubuta sashen, da lambar layin da aiki ya tsaya. Mai karatu zai ga cewa an danna maɓallin biya, shi ya kira sashen lissafi, shi ya kira sashen adanawa, shi kuma ya nemi rumbun bayanai a layi na kaza, rumbun bai amsa ba har wa'adin jira ya ƙare. Ga wanda ya iya karatunsa, aikin da zai ci mako guda ana lalube cikin duhu kan koma na rabin awa.

Akwai wani ɗan bambanci da kan rikita sabon shiga. Harshen Java, wanda aka fitar a 1995, yana fara jero sawunsa ne daga inda aka yi tuntuɓe, ya gangaro zuwa mafari. Shi kuwa Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, daga mafari yake farawa, wurin tuntuɓen ya zo a layin ƙarshe. Ɗalibin da ya saba da ɗaya kan yi ta zuba wa layin da ba shi ba ido idan ya koma ɗayan.

Abin mamaki shi ne, duk da cewa kwamfuta ce ke haɗa sawun kyauta, sau da yawa ba ya isa rajista. Mai rubuta manhaja ya karɓi shelar kuskure, ya ɗauki 'yar jimlar da ke samanta ya rubuta, ya watsar da sauran. Wani ma ko jimlar ba ya rubutawa: ya karɓi shelar ya haɗiye, don kada manhaja ta tsaya a gaban mai gida ranar da ake nuna ta. Wannan shi ne mafi muni, domin manhajar za ta ci gaba da tafiya kamar lafiya lau alhali ciniki ɗaya ya faɗi a hanya, kuma ba wanda zai sani sai ranar da aka zo haɗa lissafi. Gyaran bai taka kara ya karya ba. A Python akwai umarni guda a kayan rajistarsa da ke rubuta saƙo haɗe da cikakken sawu. A Java kuwa, miƙa wa mai rajista ita kanta shelar kawai ake yi maimakon jimlarta. Tun daga Java 1.4 na shekarar 2002 ma, ana iya ɗaure sabuwar shela da tsohuwar da ta haife ta, ta yadda rajista za ta ce an kasa biya, dalili kuwa an kasa adanawa, dalili kuwa rumbun bayanai ya cika. Galibi ainihin cutar tana can a dalili na ƙarshe.

Wannan magana ta shafi Kazaure fiye da garuruwa da yawa masu girmanta. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa da jama'a suka fi sani da Informatics, da haɗin gwiwar wani kamfanin ilimi na Singafo. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a cikin garin, sannan a 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha a Babura. Ma'ana, yankin yana yaye matasan da za su rubuta manhajar shagon magani, da ta kuɗin makaranta, da ta karɓar haraji, da ta lissafin dilan taki da hatsi. A al'adar koyo ko'ina, abin da ake dubawa ranar da ɗalibi ke kare aikinsa shi ne ko manhajar ta yi abin da aka ce ta yi. Da wuya a zare wayar intanet ana tsakiyar gwaji a ga me za ta rubuta. Amma rayuwar manhaja a wannan yanki cike take da irin wannan zarewa: wuta ta ɗauke ana tsakiyar adanawa, sabis ya sauka daga sanda huɗu zuwa babu, batirin na'ura ya mutu.

Kuma kuskuren ba a gaban mai rubutawa yake faruwa ba. Yana faruwa ne a wani shago a Roni ko wani ofishi a Gwiwa, a hannun wanda abin da zai iya faɗa a waya bai wuce “ta ƙi yi” ba. Kafin injiniya ya hau mota ya iso, an kashe na'urar an kunna, komai ya koma daidai, tulin kwanukan nan ya rushe ba alama. Ya gwada sau goma, sau goma tana yi. Idan ba a rubuta sawu a lokacin da abin ya faru ba, to shaidar ta tafi ke nan, sai dai a zauna jiran ranar da za ta sake yi wa wani.

Sai dai sawun kira yana da iyaka, kuma ya kamata ɗan kasuwa ya san ta. Sawun ba ya tsallake bakin ƙofar kwamfutar da ya faru a cikinta. Ciniki ɗaya na kati kuwa yana ratsa hannaye da dama: na'urar POS, da babbar kwamfutar kamfanin da ya ba da ita, da masu haɗa bankuna irin su NIBSS da Interswitch, sannan bankin mai kati. Kowanne da rajistarsa, kuma ba mai ganin ta wani. Abin da ke ɗinke su wuri ɗaya shi ne lambar shaidar ciniki. A rasit ɗin kati akwai lamba mai gurbi 12 da ake rubuta wa RRN. A tiransifa ta nan take kuwa akwai doguwar lamba mai gurbi 30. Da ita ne ma'aikacin banki zai binciko layin da ya shafi cinikin a cikin miliyoyin layuka. Haka kuma 'yar lambar amsa da ke jikin rasit tana da ma'ana: 00 an amince, 51 kuɗi bai isa ba, 55 lambar sirri ba daidai ba, 91 kuwa bankin mai kati ko mai haɗawa bai amsa ba. Da yake rubutun takardar POS kan kwaɗe cikin ɗan lokaci, musamman a zafin aljihu, ɗaukar hotonta da waya ya fi ajiye ta.

A watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya rage wa'adin warware rikicin cinikin POS da na intanet zuwa awa 72. Doka ce mai kyau, amma awa 72 ba ta isar wanda ba shi da abin dubawa. Waɗanda suka yi ciniki a watannin farko na 2023, lokacin da canjin takardun Naira ya tura kowa ga tiransifa har hanyoyin suka cushe, sun ga yadda kuɗi kan kwana a sararin Subhana, bai bar nan ba bai isa can ba. Kowane irin wannan kuɗi, a ƙarshe wani ne ya zauna ya bi rajista ya gano inda ya tsaya.

Wanda ke ganin duk wannan lamarin injiniyoyi ne kawai, ya dubi abin da ya faru a Birtaniya. Daga 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara sa wa rassanta manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ke kula da ita. Masu riƙe da rassan ƙananan 'yan kasuwa ne, kusan kamar wakilan banki na nan gida, kuma yarjejeniyarsu ta ɗora musu biyan duk giɓin da aka samu. Manhajar ta riƙa nuna giɓin da babu shi. Tsakanin 1999 da 2015 an yanke wa fiye da mutum 900 hukunci kan sata ko lissafin ƙarya. Wasu sun shiga kurkuku, wasu sun rasa gidajensu da mutuncinsu, wasu sun rasu ba a wanke su ba. Da yawansu an gaya musu cewa su kaɗai ne ke da wannan matsala.

Ɗaya daga cikin kurakuran, wanda aka laƙaba wa sunan garin Dalmellington na Sikotilan, zai sa gaban duk mai POS ya faɗi. Allon na'ura kan daskare a lokacin da ake tabbatar da karɓar kuɗi, mai aiki ya sake danna maɓalli, ya sake dannawa, ashe kowace dannawa tana shiga lissafi a matsayin sabuwar karɓa. A reshen garin, wannan ya haifar da giɓin Fam 24,000. Abin da ya juya shari'ar, wadda mutum 555 suka shigar ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, shi ne fito da kundayen cikin gida na Fujitsu, inda injiniyoyi suka daɗe suna rubuta kurakuran da suka sani. A watan Disambar 2019 Mai Shari'a Fraser ya yanke cewa lallai Horizon na da kurakuran da ke iya haifar da giɓi a lissafin rassa, kuma a 2024 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta soke hukunce-hukuncen da yawa a lokaci ɗaya. Kundayen nan sun fi sawun kira faɗi, amma jinsinsu ɗaya: shaidar da na'ura da masu kula da ita suka bari game da gazawarta. Shaidar tana nan tun farko. Abin da ya hana ta amfani shekara da shekaru shi ne tana hannun ɓangare ɗaya, waɗanda ake tuhuma ba su da ikon ganin ta.

Duk da haka, sawu ba abin bazawa a faifai ba ne. Akwai shafukan intanet, har da na wasu hukumomi, da idan suka sami matsala sai su zubo wa mai ziyara dogon rubutun Turanci mai cike da sunayen fayiloli. Wannan sawun kira ne ya fito inda bai kamata ba. Mai neman aiki ko ɗalibi ba abin da zai tsinta a ciki, amma ɗan kutse ya sami taswirar gida: ya san da wane harshe aka yi ginin, da waɗanne kayan aro, da wane zubi, har wani lokaci da sunan rumbun bayanai. Abin da ya dace shi ne allo ya nuna gajeren saƙo da lambar shaida, cikakken sawun kuma ya tafi rajista ɗauke da wannan lamba, ta yadda idan mutum ya kira ya karanto ta, za a je kai tsaye.

Ita kanta rajistar tana iya zama abin tsoro. Mai rubuta manhaja, cikin son ya ga komai, kan zuba duk abin da mutum ya shigar a cikin saƙon kuskure: lambar kati, da BVN, da NIN, da lambar waya. A watan Mayun 2018 kamfanin Twitter ya nemi masu amfani da shi, fiye da miliyan 330, su canza kalmar sirri, bayan ya gano cewa wani kuskure yana rubuta kalmomin a fili cikin rajistar cikin gida. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ba ta ware rajistar manhaja daga sauran wuraren ajiya ba: bayanan mutum bayanansa ne ko a ina aka ajiye su. A watan Disambar 2021 kuwa, duniya ta ga abin da ya fi wannan, lokacin da aka gano wata ɓaraka a Log4j, kayan rubuta rajista na Java da manhajoji marasa adadi ke amfani da shi. Ɗan kutse kan turo wani rubutu na musamman, da zarar manhaja ta shigar da shi rajista sai ya sami damar ba ta umarni daga nesa. An ba ɓarakar maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari. Magatakardan da aka ajiye don ya rubuta masu shigowa, shi ya zama mai buɗe musu ƙofa.

Akwai kuma matsalar yawa. Sawu ɗaya kan kai layi hamsin ko ɗari, kuma idan kowane sashe da shela ta ratsa ya sake rubuta ta, kuskure guda sai ya bayyana sau biyar. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce a rubuta sau ɗaya, a wurin da aka yanke shawarar abin yi, a kuma tsara yadda tsofaffin shafuka za su riƙa gogewa bayan wani wa'adi kafin su cinye ma'ajiyar na'ura.

Wa'adin nan ne ya kamata ya tsaya wa jami'in da ke sa hannu a kwangilar manhaja a rai, ko a sakatariyar ƙaramar hukuma yake ko a ofishin makaranta ko asibiti. Takardun kwangila kan yi dogon bayani a kan abin da manhaja za ta yi, su yi shiru a kan abin da za ta bari idan ta gaza. Idan rajista na gogewa bayan kwana bakwai, alhali sai ƙarshen wata ake haɗa lissafi, to duk giɓin da aka gano ba shi da shaida, kuma kowa ya san wuyan da ake rataya wa irin wannan giɓi: na ƙaramin kashiya. Haka nan idan rajistar tana kan kwamfutar ɗan kwangila shi kaɗai, ranar da aka ɓata da shi an ɓata da ita.

Sawun ma kansa ba ya karantuwa sai da abokan tafiyarsa. Cewa aiki ya tsaya a layi na kaza na fayil kaza ba shi da amfani ga wanda ba shi da ainihin rubutun manhajar, kuma daidai zubin da ke kan na'urar a ranar, domin lambobin layi kan sauya duk lokacin da aka yi gyara. A manhajojin Android, wanda a kansa na'urorin POS da yawa ke tafiya yanzu, akan ma sauya sunayen sassa zuwa baƙaƙe irin su a da b da c kafin a saki manhaja, don rage nauyinta da hana kwaikwayo. Sawun da ya fito daga irin wannan manhaja ba ya fassaruwa sai da wani fayil na musamman da ke mayar da kowane baƙi ga sunansa na asali, kuma kowane zubi da nasa fayil ɗin. Ofishin da ya karɓi manhaja bai karɓi rubutunta da wannan fayil ba, zai iya tara rajistar shekara uku cif, sabon injiniyan da ya ɗauko bayan tafiyar na farko ya buɗe ta ya tarar da a ta kira b, b ta kira c, c ta faɗi.